MALAM JIBO BAKARI (1922–1998): DAGA AJIN ƘONNI ZUWA ƘURI'AR A'A



Idan aka waiwayi shekaru ɗarin da wannan littafi yake tunawa da su, za a ga ba masu rawani kaɗai suka bar sawu a ƙasar nan ba. Akwai malamai masu almajirai, akwai fatake da madugai, akwai kuma baƙin da aiki ya kawo, suka sha ruwan rijiyoyinmu na ɗan lokaci suka ƙara gaba. Cikin baƙin nan har da wani saurayi Bazabarme ɗan kimanin shekara ashirin, wanda gwamnatin Nasara ta turo Birnin Ƙonni a farkon shekarun 1940 don ya karantar da yara a lakwal. Sunansa Jibo Bakari. Shi ne daga baya ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa a Nijar, shi ne kuma ya nemi jama'a su ce wa Janar De Gaulle a'a a shekarar 1958.

Na san wasu dattawa za su kaɗa kai in suka ga sunansa a littafin sarauta, domin shi da rawani ba kullum suka sha inuwa ɗaya ba. Za mu zo kan wannan, ba za mu kewaye shi ba. Amma tun kafin Yamai da Paris su san shi, ƴaƴan ƙasar nan ne suka fara miƙewa tsaye in ya shigo aji, suna kiransa mushe.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a 1922 a Sudure, wani ƙauye a bakin kogin Isa, kusa da Yamai. A wannan ƙauyen aka haifi Jori Hamani a 1916, kuma su biyun dangi ne. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, don duk abin da ya faru tsakaninsu daga baya, tsakanin ƴan'uwa ya faru.

Yana yaro aka kai shi Tawa riƙo, can ya shiga lakwal, can kuma bakinsa ya faɗa Hausa har ta zama masa kamar harshen uwa. Ana ruwaito cewa tun yana ɗan lakwal ya taɓa ganin mahaifinsa, dattijo mai furfura, cikin mutanen da aka kama aikin tilas suna fasa dutse a kan hanya, kuma abin bai taɓa barin ransa ba. Daga Tawa ya wuce Yamai, daga nan ya ci jarrabawar shiga makarantar William Ponty da ke ƙasar Senegal.

Ponti, kamar yadda ake taƙaita sunanta, ita ce ƙololuwar karatun da baƙar fata ke iya kaiwa a Afirka ta Yamma ta Faransa a wancan zamani. Nan ake horar da malaman makaranta, da akawuna, da masu shirin karatun likita. Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali da Hubert Maga na Dahome duk ta nan suka bi, haka ma Bubu Hama da Jori Hamani. Lokacin da Jibo ya je, an riga an ɗauke ta daga tsibirin Gore an mai da ita Sebikotan, gabas da Dakar. A can ya shiga ƙungiyar sikawut, ya koyi yadda ake tara matasa a sa su aiki tare cikin tsari. Ya gama a 1941 ya komo gida da takardar malanta. Wanda ya je Sebikotan yau kango zai tarar a inda makarantar take.

A Birnin Ƙonni

Ƙonnin da saurayin nan ya tarar ba ta manta da Nasara ba. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta auka wa birnin, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta sa wuta. Shekara arba'in da ƴan kai ne kawai tsakani. Tsofaffin da suka ga abin da idonsu suna nan zaune a ƙofar gida, kuma jikokinsu ake so a kai lakwal su koyi harshen waɗanda suka yi ɓarnar. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka ɗauki lakwal kamar wani nau'in lanho, sai dai maimakon kuɗi ko hatsi, ɗa ake biya.

Yadda ake ɗibar yaran ma ya ƙara wa abin baƙin jini. Kumandan ne zai yanka wa sarkin kanto adadin yaran da yake so, sarki ya raba wa masu gari, mai gari kuma ya duba gidan da ba shi da ƙarfin musu. Iyaye kan ɓoye yaro a rumbu ko a gona, wasu su tsallakar da shi iyaka wurin dangi, tunda Illelar Nijeriya na nan kusa, Sakkwato ma ba nisa. (Baƙo ya lura: Illela biyu gare mu, ta Sarkin Adar a arewa, da ta bayan iyaka a kudu.) A wurare da dama manya sun ba da ƴaƴan barorinsu sun riƙe nasu. Da zamani ya juya, yaran da aka bayar don a rabu da masifa su suka dawo da alƙalami a aljihu, ana tashi tsaye a gaishe su.

Ga kuma yaƙin duniya na biyu. Har zuwa Nuwamban 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila, saboda haka iyakar da ke kudu da Ƙonni ta zama iyaka tsakanin maƙiya biyu. Hukuma ta tsananta tsaro, tufafi da kananzir da sukari suka yi wuya, ana karɓar hatsi da dabbobi da sunan taimakon yaƙi, aikin tilas kuma bai tsaya ba. Lokacin babu masana'antar siminti a Malbaza, babu asibitin Galmi, babu kwalta. Abin da ke akwai shi ne gero da dawa da auduga, da jaki da raƙumi, da gardi mai bulala.

Lakwal ɗin wancan zamani ba ta da wani ƙawa. Ɗaki ne na laka ko rumfar kara, da baƙin allo da alli, da benci in an samu. Tun zamanin Gwamna Brévié, wanda ya mulki Nijar kafin ya zama babban gwamna a Dakar, an ɗora wa makarantun karkara noma, har yaro kan raba yininsa tsakanin karatu da gonar lakwal. Faransanci kaɗai aka yarda a yi a farfajiya. A makarantu da yawa akwai wani abu da ake kira sambol, guntun itace ko ƙashi da ake rataya wa yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda yamma ta yi abin yana wuyansa, shi zai sha hukunci. A cikin irin wannan tsari aka ɗora Jibo Bakari, malamin da ya iya Hausa kamar iyayen yaran, aka ce ya koya musu su bar ta a bakin ƙofa.

A nan, a ganina, aka ƙera ɗan siyasar. Mushe a garin kumandan mutum ne mai ƙafa biyu. Da safe yana sanye da wando da taguwa irin na Nasara, yana rubuta harshensu a allo. Da dare yana zaune kan tabarma yana jin kukan iyaye. Shi ake kai wa takarda ya karanta, shi ake roƙo ya rubuta ƙara. Ya san yaron da bai zo aji ba don an tafi da ubansa gyaran hanya, ya san wanda ke gyangyaɗi don bai karya ba. Ko da ya fi kumandan sanin ƙa'idar Faransanci, albashinsa da darajarsa ba su kai na ƙaramin Bature ba. Malamai da yawa sun ga haka sun haɗiye, don iyali da tsoron canjin wurin aiki. Jibo bai iya haɗiyewa ba. Daga Ƙonni aka mai da shi Agadas, can ma ya ci gaba da tara matasa da sukar aikin tilas, har hukuma ta sa masa ido.

A aikina na rediyo na sha zama da dattawa ina tambayarsu labarin lakwal ɗinsu. Kusan kullum da sunan mushe suke farawa: tsayinsa, muryarsa, irin bulalarsa, ranar da ya yabe su gaban aji. Sai daga baya su tuna da ginin, sau da yawa kuma sai su ce an rushe shi, an yi na siminti, ko kasuwa ta cinye wurin. Yaron da ya shiga aji yana ɗan shekara takwas a 1942, in yana raye yau ya haura casa'in. Duk gidan da Allah ya bar wa irin wannan dattijo, ya kamata jikoki su zauna da shi da alƙalami, ko su naɗi muryarsa a waya.

Daga alli zuwa siyasa

Shekarar 1946 ta buɗe ƙofa. A watan Afrilu majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, a watan Mayu aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, a Oktoba kuma aka kafa RDA a Bamako. Jibo ya shiga PPN da ƙarfinsa, bai daɗe ba ya zama babban sakatarenta, ya ajiye alli. A 1950 shugabannin RDA suka yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa don su sasanta da hukuma. Jori ya bi wannan hanya, Jibo ya ƙi, suka rabu.

Abin da ya yi bayan haka ya nuna irin mutumin. Ba aikin gwamnati, ba kujera, sai ya koma noman lambu a bakin kogi kusa da Yamai, ya shiga haɗa kan ma'aikata da leburori cikin ƙungiyar ƙwadago. Yajin aikin 1953 ya ɗaga sunansa. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN tare da matasa irin su Usman Ɗan Galadima na Madawa da Mamani Abdullahi, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya. Mabiyansa direbobi ne da yaran mota, teloli, kafintoci, mahauta, ƴan koli, ƙananan akawuna da matan gari masu zaman kansu. Su suka riƙa ɗaukar saƙon daga tasha zuwa tasha, daga kasuwa zuwa kasuwa, kan hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa har Maraɗi da Damagaram. Sunan da jam'iyyar ta shahara da shi, Sawaba, kalmar Hausa ce da talaka ya san ma'anarta ba sai an yi masa fassara ba, kuma ita ce kalmar da ƴan NEPU na Malam Aminu Kano suka riƙe a ƙetaren iyaka. Alamarta raƙumi, ta RDA kuwa giwa. Hausar da aka hana yara yi a farfajiyar lakwal, da ita tsohon mushen ya tara jama'a.

A ƙarshen 1956 ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda ke da goyon bayan sarakuna da dama, ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen Maris na 1957 Sawaba ta ci kujera 41 cikin 60, a watan Mayu ya kafa gwamnati.

Shi da sarakuna

Haɗin nan na talakawan birni da masu sarauta bai yi ƙarko ba, kuma da ma da wuya ya yi. Ƴan Sawaba na asali suna kallon sarkin kanto a matsayin hannun da kumandan ke karɓar lanho da shi. Gwamnatin Jibo ta dakatar da wasu sarakuna, ta tuɓe wasu. Waɗanda ba a taɓa ba suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

Adalci ya sa a faɗi halin da sarki yake ciki a lokacin. Da takardar gwamna aka naɗa shi, da takardar gwamna ake iya cire shi. In bai kawo lanho da leburori da yaran lakwal ba, laifinsa ne wurin Nasara. In ya kawo, laifinsa ne wurin talakawa. Akwai waɗanda suka yi zalunci da wannan iko, akwai kuma waɗanda suka tsaya tsakanin jama'arsu da bulala gwargwadon iyawarsu. Jibo ya ga zaluncin da kyau. Abin da bai auna daidai ba shi ne nauyin maganar sarki a kunnen mutumin ƙauye ranar jefa ƙuri'a.

Ranar 28 ga Satumba 1958

Da De Gaulle ya dawo mulki a Faransa, sai ya ba ƙasashen da take mallaka zaɓi: ko su ce i su zauna cikin tarayya da ita, ko su ce a'a su sami ƴanci nan take, Faransa kuma ta janye hannunta da taimakonta. A taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano a watan Yuli, inda aka zaɓe shi babban sakatare, Jibo yana cikin masu neman ƴanci ba tare da jinkiri ba. Cikin shugabannin gwamnatocin Afirka ta Yamma ta Faransa, shi da Seku Ture na Gini ne suka tsaya kan a'a.

Faransa ta haƙura da Gini, amma ba ta haƙura da Nijar ba. Ƙasar tana maƙwabtaka da Aljeriya inda ake yaƙi, tana kuma jingine da Nijeriya da ke shirin samun ƴanci. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka baza sojoji da motoci a karkara, aka zuga sarakuna, manyan da suka zo daga BNA kuma suka juya wa Jibo baya. Mutane da yawa suka tsallaka iyaka don tsoro. Da aka ƙirga, i ta sami kusan kashi 78 cikin ɗari, a'a kusan 22, kuma waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. A watan Oktoba ya sauka. Ranar 18 ga Disamba aka kafa Jamhuriya, Jori Hamani ya hau. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. Ƴancin da aka ce ganganci ne a 1958, shi aka yi wa biki ranar 3 ga Agusta 1960, shekara biyu ba ta cika ba, mutumin da ya fara nemansa kuwa yana gudun hijira.

Jinin 1964

Ya zauna Bamako, ya zauna Akara wurin Kwame Nkrumah. Ko a can halin malanta bai sake shi ba: jam'iyyarsa ta nema wa matasa da yawa guraben karatu a Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai, a lokacin da yaran Nijar da ke lakwal ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Amma ta kuma tura wasu koyon yaƙi a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa da Gana.

A ƙarshen daminar 1964 ƙananan rundunonin Sawaba suka shigo ta iyakokin kudu da yamma, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. Gwamnati ta sa aka fito da mutanen ƙauyuka da kwari da baka ana farautarsu. A nan yankin Ƙonni aka kashe Ɗanduna Abubakar, ɗaya daga cikin jagororinsu, a watan Oktoba. Aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don ya halaka Shugaba Jori. Jori ya tsira, wani yaro ƙarami ya mutu. Kamun da ya biyo baya ya cika gidajen kaso, wasu ba su fito da rai ba, kuma akwai gidajen da har yau ba a son tayar da zancen.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. Zaluncin da aka yi wa Sawaba a 1958 gaskiya ne, amma tura samari ƙalilan su tsallako iyaka da bindiga, shugabanni suna nesa, kuskure ne mai tsada, kuma ƴaƴan talakawa ne suka biya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wurin: ƙasar da ya fara riƙe alli, nan aka zubar da jinin mutanensa, shekara ashirin da ƴan kai bayan haka.

Komowa gida

Bayan an hamɓarar da Nkrumah a 1966 ya koma Konakiri. Da sojoji suka kifar da Jori ranar 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce ya bar shi ya dawo, bisa sharaɗin ya bar siyasa. A Agustan 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki tare da Sani Suna Siddo, aka tsare shi shekaru, har da zama a Ngigmi, can gabas wajen tafkin Cadi. Haka ƴan Sudure biyu, wanda ya ce i da wanda ya ce a'a, suka tsinci kansu a tsare a hannun soja ɗaya a lokaci ɗaya. Jori ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko ranar 23 ga Afrilu 1989.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗo a 1991, Jibo ya sake ɗaga tutar Sawaba, amma jam'iyyar ta rabu, zamani kuma ya wuce. A 1992 ya fitar da littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, wanda Mahamman Usman ya ci, bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Mafi yawan masu jefa ƙuri'a a ranar ba a haife su ba lokacin da yake magajin garin Yamai.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998, yana da shekara saba'in da shida. Daga baya hukuma ta sa sunansa a gadar da aka gina kan kogin Isa a Farie, sama da ƙauyen da aka haife shi.

Allah ya jiƙan Malam Jibo Bakari, ya jiƙan ɗan'uwansa Jori Hamani, ya jiƙan sarakunan da suka yi zamani da su, da duk waɗanda suka rasa rayukansu a 1964 da 1965 ta kowane ɓangare. Amin.